Tarihin Tanadi ga Ɗa Mai Lalura a Ƙasar Hausa

Tanadin da iyaye ke yi wa ɗan da lalura ta hana shi dogaro da kansa, makaho ne ko gurgu ko kurma ko wanda hankalinsa bai kai ya riƙe dukiya ba, tsohon al'amari ne a ƙasar Hausa. Abubuwa uku suka gina shi bi da bi: al'adar gandu, fiƙihun Malikiyya, sai dokokin gwamnati da harkar banki da suka zo daga baya. Duka ukun matsala ɗaya suke kewayawa. Muddin uba na da rai, ci da sha da suturar irin wannan ɗa suna wuyansa. Ranar da ya rasu wajibcin ya faɗi, ɗan kuwa yana iya yin shekara 40 ko 50 a bayansa.

A karkara gandu ne matattarar farko. Uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, mai gida ne ke biyan haraji, shi ke yi wa samari auren fari, kowa kuma na da 'yar gayaunarsa ta ƙashin kansa. A irin wannan gida ba a auna tuwo da yawan kunyar da mutum ya nome. Kurma yana noma kamar kowa, makaho yana tufka igiya ko saƙar tabarma ko ya duƙufa ga haddar Alƙur'ani, gurgu yana dukanci ko ɗinkin hula, wanda kuma ba ya iya komai ana zuba masa nasa. Raunin tsarin yana bayyana ne bayan mutuwar uba. Babban wa yakan ci gaba da riƙon gandu na ɗan lokaci, amma da zarar 'ya'yan kowa sun tasa, ko matan gida sun saɓa, sai a raba gona. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta lura cewa gandun da 'yan'uwa ke riƙewa bayan uba bai cika daɗewa ba. Mai lalura yana samun yankinsa a rabon, sai dai gonar da mutum ba zai iya nomawa ba takan zauna a hannun wanda ke noma ta, aro ya zama riƙo, riƙo ya zama mallaka.

Saboda haka iyayen da suka hango nesa sukan ware wani abu tun da wuri, kuma dabba ce ta fi yawa. Ana ambata wa yaro tunkiya ko akuya, a ba wani amintacce kiwo, a riƙa raba 'ya'yan da ta haifa bisa ƙa'idar da garin ya saba. Fulani sukan ambata wa jariri karsana, duk abin da ta haifa nasa ne. Wannan ajiya tana hayayyafa, amma tana mutuwa a dare ɗaya: annobar shanu ta wajajen 1890 ta share garkuna daga Borno har Sakkwato, yunwar 1913 zuwa 1914 da farin shekarun 1970 kuma sun ci abin da aka tara. Uwa tana da nata tanadin daban, domin dukiyar matar aure a al'adar Hausa tata ce. Ribar ƙuli-ƙuli da kaɗi da adashi takan koma tasoshi da kwanuka da awaki, daga baya gwal, kuma a gidaje da yawa abin da uwa ta ɓoye ne ke riƙe ɗa mai lalura idan an watse. Akwai kuma tanadi ta hanyar aure, inda ake haɗa shi da 'yar ɗan'uwa ko a karɓa masa auren sadaka domin ya sami mai kula da shi. Dabara ce da ta tsirar da mutane, amma sau da yawa yarinyar da aka ɗora wa nauyin ba a tambaye ta ba.

A birane masu lalurar da kansu suka tsara zamansu. Akwai sarkin makafi, sarkin guragu da sarkin kutare, kowanne da jama'arsa, yana sasanta su, yana karɓar baƙonsu, yana raba abin da aka aiko na sadaka. Hugh Clapperton, Baturen da ya shiga Kano a 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya rubuta cewa ya tarar da unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa, mai tsabta, mazaunanta suna da wani kaso daga sarki, suna kuma bara a tituna da kasuwa. Wannan mafaka ta amfani wanda zai iya fita ya yi magana da bakinsa. Yaron da lalurarsa ta shafi hankali ba shi da sarki, gidansu kawai yake da shi.

Fiƙihu ne ya mayar da waɗannan al'adu haƙƙoƙin da za a iya kai wa gaban alƙali. A ƙarshen ƙarni na 15, Shaihu Muhammadu al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarauta, a ciki har da bin diddigin masu riƙon amanar marayu da naɗa mai kula ga duk maraya ko mai ƙarancin wayo da aka bari ba kowa. Littattafan da malaman zaure suka karantar, alƙalai kuma suka yi hukunci da su, wato Risala ta Ibn Abi Zaid, Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi bayanin mas'alar dalla-dalla. Uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, amma idan ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, ciyarwar tana nan a kan uban. 'Ya mace kuwa har sai ta yi aure ta tare. A mashahurin zance, wanda ya balaga lafiya sannan lalura ta same shi daga baya, wajibcin ba ya dawowa kan uba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda mazhabar ta tsaya: ciyarwar dangi tsakanin iyaye da 'ya'ya kawai take. Wa ko ƙane ko baffa ba a tilasta masa, saɓanin Hanafiyya da suka faɗaɗa wajibcin zuwa sauran dangi na kusa. Ke nan a ƙasar Hausa ɗan'uwan da ya ɗauki nauyin ƙanensa mai lalura zumunci yake yi, alƙali ba zai kama shi ba idan ya gaji.

Gado ma bai duba lalura ba. Mutumin da ya rasu ya bar naira miliyan 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, matar za ta ɗauki sumuni, miliyan 1, kowane namiji miliyan 2, macen miliyan 1, ko da ita ce ba ta iya tashi daga shimfiɗa. Wasiyya ba ta gyara wannan, domin iyakarta sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai da amincewar sauran magada. Uban da ya bari sai ciwon ajali ya kwantar da shi sannan ya ce a ba wane gidan kaza saboda rauninsa, ya makara, maganarsa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Ƙofar da ta rage ita ce kyauta a lokacin da mutum ke da lafiya. Malamai sun yi taka-tsantsan a nan saboda hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru, wanda Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifinsa ya yi masa shi kaɗai. Risala ta karhanta mutum ya ba wani ɗa dukan dukiyarsa, ta halatta ya ba shi wani sashe. Ibn Ƙudama, daga malaman Hambaliyya, ya ambaci makanta da naƙasa da tsananin buƙata cikin dalilan da ke sa a fifita ɗa a kyauta, kuma malaman wannan zamani suna yawan kafa hujja da zancensa. Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne hauzi, wato abin ya bar hannun mai bayarwa tun kafin ya mutu ko ciwon ajali ya kama shi. An yi wa uba sassauci, shi da kansa yana iya yin hauzi a madadin ɗansa ƙarami ko wanda ke ƙarƙashin kulawarsa, in ya kafa shaidu. Sassaucin na da iyaka biyu. Idan gidan da yake zaune a ciki ne, sai ya fita daga cikinsa. Kuma abin ya zama wanda ake ganewa da ido, kamar gona ko saniya ko rumfa, domin tsabar kuɗin da ke cuɗe da na uba ba a ce an ware su ba. Yawancin rigingimun da 'yan uba ke tayarwa bayan sadakar arba'in a kan waɗannan iyakoki biyu suke.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka fi kyauta dacewa da mai lalura, ko da yake ba su yaɗu kamarta ba. Ta farko ita ce a ba shi amfanin gida ko gona tsawon ransa, abin da littattafai ke kira umra, idan ya rasu ya koma ga mai shi ko magadansa. Ta biyu hubusi, wanda asalinsa ke komawa ga gonar Sayyidina Umar ta Haibara: a tsare tushen dukiya, ba sayarwa ba gado, a riƙa bayar da amfaninta ga wanda aka ambata. Malikiyya sun yi sauƙi a wannan babi, sun yarda da hubusi na ƙayyadadden lokaci, sun yarda da na dabba da kaya, sai dai Halilu ya ɓata wanda aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata, ya kuma ɓata na mutumin da ya koma gidan ya zauna kafin shekara ta zagayo. Amfanin waɗannan hanyoyi biyu a fili yake. Dukiyar da aka mallaka wa mai lalura kai tsaye, magadanta galibi su ne 'yan'uwan da ke riƙe da ita, waɗanda duk abin da ya rage wajen magani da abinci ƙarshe aljihunsu zai koma. Hubusi yana ba uba damar ya raba mai kula da mai cin gajiyar ƙarshe.

Wanda zai riƙe dukiyar ma an jera shi. Ayoyi na 5 da na 6 na Suratun Nisa'i su ne tushe, inda aka hana miƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, aka yi umarni da ciyar da shi da tufatar da shi daga cikinta. A Malikiyya uba ne waliyyi, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali ko wanda ya wakilta. Kaka da wa da baffa ba sa cikin jerin sai an naɗa su, ko da yake malaman baya irin su Dardiri sun karɓi al'adar mutanen karkara da ke mutuwa ba wasiyya don sun dogara da ɗan'uwa. Ana iya naɗa mace, ana iya naɗa makaho, muddin akwai amana da iyawa. Ba a sayar da gida ko gonar wanda ake riƙo sai da dalili tabbatacce, kamar buƙatar ciyarwa ko riba bayyananna. Kuma tun da zakka tana hawa dukiyar yaro da ta mai taɓin hankali, Muwaɗɗa ta kawo umarnin Sayyidina Umar na a juya dukiyar marayu a kasuwa kada zakka ta cinye ta. Ajiyar da ba ta motsi, a ganin fiƙihu, ba ita aka fi so ba.

Tazarar da ke tsakanin littafi da aiki tana cikin abin da masu jihadi suka yi ƙorafi a kai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi da cinye dukiyar mamata, ya kuma lissafa cikin bidi'o'in gado yadda babban magaji ke haɗe komai da hujjar cewa shi ne makwafin uba. Bayan 1804 alƙalanci ya ƙarfafa, rabon gado bisa fara'ili ya bazu a birane. Duk da haka hubusin iyali bai kafu ba yadda ya kafu a Masar ko Daular Usmaniyya ta Turkiyya ko Fas, inda unguwanni sukutum suka zama waƙafi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A wancan zamani ƙasar noma tana da yalwa, ikonta yana hannun sarki da hakimai da dagatai, gidan ƙasa kuma idan an bar shi damina biyu ba yaɓe sai ya zube. Arzikin attajiri yana cikin bayi, dabbobi, tufafi da wuri, ba cikin ginin da zai yi ƙarni yana kawo haya ba. Wurin ma bai riƙe darajarsa ba. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana kan wuri 2,500, daga nan kuwa wuri ya yi ta faɗuwa saboda yawan wanda Turawa ke shigowa da shi ta bakin teku, har aka hana shigo da shi a 1904.

Turawan mulki sun bar gado da riƙon marayu a hannun alƙalai, suka sa a riƙa rubuta shari'o'i, ushirar da ake cira wajen rabon gado kuma ta koma baitulmalin En'e. Dokar ƙasa ta 1910 ta mayar da filayen Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, mutum yana da haƙƙin zama da amfani ne kawai, wanda hakan ya ƙara wahalar da hubusin ƙasa. Sabon abin da zamanin ya kawo shi ne tunanin cewa sana'a ko boko ma tanadi ne. Mishan ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953, daga baya gwamnatocin jihohi suka buɗe nasu, kamar ta Tudun Maliki a Kano. Shan inna da sanƙarau, musamman annobar 1996, sun bar dubban yara da gurguntaka ko kurumta, ƙungiyoyin guragu masu walda da ƙera kekunan hannu a Kano kuma sun nuna cewa jarin sana'a yakan fi ajiya tsawon rai ga wanda hankalinsa ke lafiya.

Bayan samun 'yancin kai gandu ya ci gaba da raguwa, cin rani da aikin albashi suka watsa 'yan'uwa gari-gari, tanadi ya koma kuɗi. Kuɗin kuwa sun maimaita labarin wuri. Naira ta maye gurbin fam a 1973, a farkon shekarun 1980 ta fi dalar Amurka daraja, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya fara karya ta, a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Canjin takardun kuɗi na 1984 da na ƙarshen 2022 sun kama waɗanda suka binne ajiya a gida. Wanda ya buɗe wa ɗansa asusun ajiya a shekarun 1980 ya bar masa abin da ba zai sayi buhun masara ba yau, wanda ya bar masa shago a bakin kasuwa ya bar masa abinci. Dokar fansho ta 2004, da aka sabunta a 2014, ta wajabta a yi wa ma'aikata inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, amma sunan da ma'aikaci ya rubuta a matsayin makusanci bai mayar da kuɗin na mutumin ba. Idan mamacin Musulmi ne, a aikace akan raba su ne a matsayin gado.

Kotunan yanki sun gaji kotunan alƙalai a 1968, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ambaci waƙafi, kyauta, wasiyya, gado, da riƙo ko ciyar da Musulmi mai rauni a jiki ko a hankali cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Da aka faɗaɗa aiki da shari'a daga Zamfara a 1999 da 2000, jihohi suka kafa hukumomin zakka da waƙafi, ta Kano mai suna Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Aikinsu ya fi karkata ga rabon zakka da waƙafin jama'a fiye da na iyali. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kamfanonin takaful suka biyo, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, wasu kamfanonin riƙon amana kuma suka fara tsara wa Musulmi kyauta da waƙafin iyali a rubuce. Wannan ya ba masu ƙin kuɗin ruwa wurin juya dukiyar ɗa, sai dai ladan aikin kamfanonin ya sa abin ya tsaya ga masu hali.

A Amurka da Kanada matsalar ta ɗauki wata siffa dabam. Can gwamnati na ba naƙasasshe alawus, amma tana yanke shi idan dukiyarsa ta wuce wani ƙaramin adadi, dala 2,000 a babban shirin Amurka, shi ya sa aka ƙirƙiro asusai na musamman, na Kanada a 2008, na Amurka ƙarƙashin dokar ABLE a 2014, don ajiyar iyaye kada ta kori tallafin. A Najeriya babu irin wannan alawus na ƙasa baki ɗaya da za a ji tsoron rasawa. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi magana kan ilimi, lafiya, shiga gine-gine da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, aka kuma kafa mata hukuma a 2020, amma ba ta yanka wa kowa abin kashewa na wata-wata ba.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne nauyin takarda. Kyautar da a da shaidu biyu da sanin mai unguwa suka wadatar, yanzu akan rubuta ta, a kai gaban alƙali ko lauya, a sauya sunan da ke kan takardar fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta hana gwamna ba wanda bai kai shekara 21 ba takardar mallaka, sai ta hannun mai riƙo ko amintaccen da aka naɗa masa, don haka uban da ke son sa gida da sunan ƙaramin ɗansa dole ya fara da naɗa wannan mutum. Idan gidan na haya ne, kotu takan duba wanda ya riƙa karɓar kuɗin haya da kuma sunan da aka rubuta a rasit tun uban na raye, domin da su ake gane ko an yi hauzi.